Numfashin Lawwali

Jami'in da ya karɓi fasfona a filin jirgin sama na Sarki Khalid bai ɗago kai ba. Ya buga hatimi, ya turo mini shi da yatsa biyu, ya ce, "Sawwag." Larabcina na Islamiyya ne, amma na san kalmar, direba ke nan. Na ce masa akwai kuskure, ni ma'aikacin rediyo ne, aikin fassara aka kawo ni. Ya leƙa bayana ya kira na gaba.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wani gidan rediyo a Kaduna, ina karanta labarai ina tace sauti. Dillalin biza a Kano ya rantse mini cewa ofis ne mai sanyi yake jira na a Riyad. Abin da na tarar shi ne wani gida a unguwar Malaz, da ɗaki a jikin ƙofar shiga, da mota baƙa. Kafilina, wato mutumin da takardar zamana take wuyansa, ya karɓi fasfon ya sa a aljihu, ya miƙo mini makulli. A lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar, don haka aikina shi ne kai 'yan mata makaranta, kai uwargida kasuwa, sannan jira. Jiran ya fi tuƙin yawa.

Wata uku babu wanda ya yi mini magana mai tsawon da ya wuce umarni. Yalla. Tsaya. Koma. Idan na rage ni kaɗai a mota sai in riƙa karanta allunan kan titi, ina mayar da su Hausa da muryar labaran ƙarfe bakwai, don kada maƙogwarona ya manta. Wani direba Basudane da muke fakin tare a bakin makaranta ya ji ni wata rana. Bai yi dariya ba. Ya raba gurasarsa biyu ya ba ni rabi, ya zana mini hanya a bayan kwalin shayi, ya ce mutanena suna unguwar Ulaisha.

Gidan na Ulaisha tsoho ne, bene ɗaya, maza tara a ɗaki uku. Babbansu Malam Hudu, mutumin Gumel, wanda ya fi shekara ashirin yana aikin gini a garin. Shi yake raba faɗa, shi yake cewa wane ya zauna, wane ya nemi wani wuri. Ranar Juma'ar da na fara zuwa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai rediyon da aka mayar direba? To karanto mana labaran duniya mu ji."

Na gyara zama na ce, "Rahotanni daga Ulaisha na cewa miyar yau ba ta ga daddawa ba, kuma har yanzu babu ƙungiyar da ta ɗauki alhakin kai harin."

Mai girkin ya jefe ni da murfin tukunya. Daga ranar na zama Ɗan Rediyo, kuma aka san da kwanona duk Juma'a.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Suna gefe, gwiwa na taɓa gwiwa, suna kallon bakunan mutane. An ce mini kurame ne, Lawwali daga Zariya da Isuhu daga Maraɗi, suna aiki a magsala ɗaya, wato shagon wanki da guga. Yayata Asabe kurma ce, a bayanta na girma, na iya maganar hannu kafin in iya karatu. Na ajiye cokali na maimaita musu labarin miyar da hannu. Lawwali ya daskare. Sai ya tsallake kwanuka uku ya zo ya kama wuyan hannuna, yana jujjuya shi kamar mai duba kaya a kasuwa.

Ashe duk gidan babu mai surutunsa. Ya raɗa wa kowa suna da hannu: Malam Hudu shi ne shafa gemu da turo ciki, ni kuma ya kafa tafi a bayan kunne ya lumshe ido. Yana kwaikwayon tafiyar mai magsalarsu har sai ka riƙe ciki. Isuhu shiru-shiru ne, shi ne mai gyara masa idan ya zuzuta labari. Hannun Maraɗi da na Zariya ba ɗaya ba ne, sun ce mini sai da suka shekara kafin su haɗa nasu na su biyu, kuma ko ni rabi nake kamawa idan suka yi sauri. Kurma ba a kiran sa daga nesa, sai an taɓa shi. Don haka kullum hannun ɗaya yana jikin ɗaya: a ja kunne, a juyo haɓa, a dafa wuya. A sahun sallah kafaɗar Isuhu ce take gaya wa Lawwali an ɗago daga sujada, shi kuma Isuhu yana bin ta wanda ke gefensa. Babu wanda ya taɓa ganin wani abu a cikin haka. Ni ma ban gani ba.

A shekarata ta biyu Nawwaf, ɗan kafilina, ya dawo daga karatu a waje da kyamara a jaka. Garin ba shi da gidan sinima ko ɗaya a lokacin. Shi ne mutum na farko a gidan da ya zauna a kujerar gaba, ya kuma tambaye ni aikin da nake yi a ƙasarmu. Da na faɗa masa sai ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Wata rana muka biya magsala karɓar riguna, ya hango ni ta gilashi ina hira da su Lawwali. Da muka kusa gida sai ya juyo wurina.

"Ya Kabir, ina so in yi fim a kansu. Babu magana, babu labari. Hoto da sauti kawai. Kai za ka riƙe mini sautin."

Ba zan ɓoye ba, ban yi tunanin su Lawwali ba a wannan lokacin. Makirufo na tuna.

Na kai musu maganar. Lawwali ya tambaya ko za a ga fuskarsa, na ce za a gani, ya ce to sai ya yi aski, don kada matan Turai su raina Zariya. Isuhu bai yi dariya ba. Ya nuna waje, inda motar take, ya tambaye ni, "Ka san shi?"

Na ce, "Ina wurin. Babu abin da zai fita ban duba ba."

Ya daɗe yana kallon hannuwana, sannan ya gyaɗa kai.

Rana huɗu muka yi muna ɗauka, bayan azahar, lokacin da shaguna suke rufe. Nawwaf bai sa su yin komai ba, ya ce su yi abin da suka saba. Ni kuma na sa abin kunne, na riƙe sandar makirufo, idona a kan ma'aunin sauti. Haka aka koya mana: mai ɗaukar sauti ba ya kallon mai magana, ma'auni yake kallo. Na ɗauki hucin dutsen guga, da ɗigar famfo, da karkarwar injin wanki. A rana ta uku suna ta hawa da ƙullin jiƙaƙƙun zannuwan gado zuwa rufin bene don shanya. A hawa na biyar Lawwali ya tsaya yana haki. Wanda bai taɓa jin kansa ba ba ya tsare numfashinsa, yana fitowa ne da ɗan nishi a ƙarshe, daga can ƙasan ƙirji. Isuhu na bayansa, shi ma da nasa. Nawwaf ya ajiye kyamara ya raɗa mini, "Wannan. Matsa kusa." Na matsa. A duk shekarun aikina ban taɓa ɗaukar sauti mai tsabta kamarsa ba.

Bayan haka ya ba ni kwamfuta da takarda ɗaya. A takardar ya rubuta mintuna: daga nan zuwa nan ruwa, daga nan zuwa nan shiru, daga minti na sha uku zuwa na sha shida numfashi, a fara a hankali a ƙara sauri. Na tambayi hotunan. Ya ce a'a, fim ne na kurame, kada sauti ya san abin da hoto yake yi. Dabarar ta burge ni. Mako biyu na yi ina tacewa a ɗakina na bakin ƙofa, kuma su ne makonni biyu mafi daɗi da na yi a ƙasar. Su Lawwali kuma Nawwaf ya nuna musu hotunan a ɗan allon kyamara. Sun ga kansu, sun yi dariya, sun yarda.

Ranar da ya gama haɗawa ya miƙo mini filashi ya ce, "Ka kalla kai kaɗai, ya Kabir." Na ɗauka kunyar sabon hannu ce. Na soka filashin a rediyon mota a bakin makarantar 'yan mata. Rediyon motar sauti kawai yake bayarwa, kuma ni hakan bai dame ni ba. Na saurara sau uku, ido rufe, kamar yadda nake yi wa kowane shiri kafin ya hau iska: babu zagi, babu sunan kowa, babu abin da ya taɓa addini, babu ma kalma ko ɗaya. Hotuna kuwa ai ina wurin aka ɗauke su. Na ce a raina shiri ya yi, a watsa.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci na soka shi a talabijin ɗin Malam Hudu. An ja labule saboda rana. Aka zaunar da su Lawwali a gaba, ana ta tsokanar su.

"A ba taurari wuri!"

"Isuhu, in ka yi suna kada ka manta wanda yake ara maka sabulu."

Minti goman farko an sha dariya. Ga tururi, ga hannuwa, ga ƙeyar Lawwali da sabon aski. Sai na fara lura da inda kyamarar ta tsaya alhali ni ina kallon ma'auni. Yatsun Isuhu a wuyan Lawwali, an rage gudun hoton har yatsun suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Zufa tana bin ƙashin wuya tana shiga singileti. Lawwali ya ɗora kai a cinyar Isuhu lokacin hutun rana, abin da yake yi kullum a gaban kowa. Daga nan aka nuna ƙofar ɗakin ajiya tana rufuwa. Aka nuna zanin gado a yamutse, babu kowa a kai. Minti na sha uku ya cika, numfashin da na tace da hannuna ya shigo, a hankali, sannan da sauri, murya biyu.

Ɗakin ya mutu. Wani ya ce, "A'uzu billahi." Mai girki ya tashi ya fita. Su biyun suna gaba, ba su san an daina dariya ba. Lawwali ya nuna zanin ya juyo yana murmushi, ya yi da hannu: "Wannan ni na goge shi daga baya." Sai ya ga fuskoki.

Malam Hudu ya zare wayar talabijin daga bango. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗan Rediyo, me ka kawo mini gida?"

Na yi bayani. Na ce hakin hawa bene ne, ni na ɗauka, ina iya nuna matakalar. Na ce ƙofar daban aka ɗauke ta, zanin daban. Wani daga baya ya ce, "To shi Balaraben me ya gani da ya haɗa su haka? Mu shekara nawa muna kallo ba mu lura ba." Wannan maganar ita ta zauna a ɗakin, ba tawa ba.

Lawwali yana ta jan hannun rigata. "Me ya faru? Me suka ji?"

Na dafa ƙirjina na nuna hawa da saukarsa, na nuna kunne, na nuna mutane. Ya tambaya, "Numfashi yana da ƙara?" Na ce yana da ita. Isuhu ne ya fara ganewa. Na ga lokacin da ya janye gwiwarsa.

Malam Hudu ya ce, "Tambaye su. Kai ne bakinsu. Akwai wani abu tsakaninsu ko babu?"

Na tambaya. Isuhu ya miƙe tsaye, ya nuna sama, ya shafa tafi a kan tafi: babu, na rantse. Na faɗa. Lawwali bai tashi ba. Ya dubi Isuhu, ya dubi ƙasa, sannan ya yi magana a hankali don kada in rasa ko ɗaya. Ya ce, "Duk garin nan shi kaɗai nake magana da shi."

Babu mai jin hannu a ɗakin sai ni. Da na ce shi ma ya rantse, da an tashi a haka. Amma shekara goma sha ɗaya ana koya mini cewa mai fassara ba ya ƙari ba ya ragi, kuma bakina ya riga tunanina. Na faɗi abin da ya faɗa, kalma da kalma.

Malam Hudu ya ce, "Wannan ba amsa ba ce."

Har yau ban san abin da Lawwali yake nufi ba, ban kuma tambaye shi ba. Ba ni da hurumin tambaya. Abin da na sani shi ne maganar da ya faɗa gaskiya ce.

Washegari na samu Nawwaf a mota. Na gaya masa abin da ya faru ba tare da na ɗaga murya ba, direba ba ya ɗaga murya. Ya dafe goshi.

"Na ce maka kai kaɗai. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa. Amma ba ka faɗa musu abin da kake haɗawa ba."

Muka wuce danja biyu. Sannan ya ce, yana kallon taga, "Ba labarinsu ba ne, ya Kabir. Nawa ne. Kana ganin zan iya sa fuskata? Ko ta wani da aka san gidansu a garin nan?"

"Su fa?"

"Su wa ya san su?"

Bai faɗe ta da mugunta ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Na ga tsoro a fuskarsa, tsoro na gaske, na kuma gane cewa ya ba ni wani sirri da zai iya halaka shi. Ban taɓa faɗa wa kowa a garin ba. Amma shi tsoronsa yana da ɗaki mai makulli da tikitin jirgi. Bayan wata biyu ya koma waje da fim ɗinsa. Na ji an nuna shi a wani zaure, an tafa.

Hukuncin Malam Hudu bai yi tsauri ba, a ganinsa. Bai kai maganar ko'ina ba, ya kuma hana a fitar da ita, don ya san abin da irin wannan zargi yake jawo wa baƙo a ƙasar. Ya ce dai ba za su ƙara kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba, ɗaya ya tashi. Isuhu ya ce shi zai tafi. Wani ɗan garinsu ya samo masa aiki a gonar dabino can wajen gari, inda babu mai jin hannu ko ɗaya. Ranar tafiyar ina wurin. Ya yi musabaha da kowa. Da ya zo kan Lawwali sai ya tsaya taku biyu nesa, ya ɗaga hannu kamar yadda ake yi wa maƙwabci, ya ɗauki jakarsa.

Lawwali ya zauna a gidan. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya hana shi abinci. An dai daina taɓa shi. In an gama girki sai ya gani da idonsa, in bai gani ba ya ci da sanyi. A sahu akan bar 'yar tazara, kamar faɗin tafi, sai ya riƙa ɗago kai daga sujada yana leƙe, wani lokaci ya riga liman, wani lokaci a bar shi a ƙasa. Ni kuma aka ce in huta da zuwa Juma'a. Na koma cin gurasa a mota.

Na ƙarasa kwantiragina, kafili ya buga mini bizar fita ba dawowa, ya ciro fasfona daga durowa. Kwana biyu kafin jirgi na je magsala da la'asar. An sa wani Bangali a wurin Isuhu, yana can ciki da waya a kunne. Lawwali yana guga, ya ba ƙofa baya. Ya rame. Na daɗe a tsaye kafin in kai hannu kafaɗarsa, kuma da na taɓa shi sai da ya zabura har dutsen gugar ya kusa faɗuwa.

Na ce masa zan tafi gida. Na ce ya yafe mini. Na shirya maganar tun a mota, mai tsawo ce, ya bar ni na kai ƙarshe. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya jingine dutsen gugar, ya leƙa ciki ya tabbatar Bangalin ba ya kallo, sannan ya ce, "Kunnenka yana da kyau. Tsaya nan."

Ya tsaya a gabana ya rufe baki gam. Ya ja iska ta hanci, kaɗan-kaɗan, kafaɗunsa a ɗaure, jijiyar wuyansa ta fito. Na gane cewa ya daɗe yana koya wa kansa wannan, shi kaɗai, ba tare da wanda zai gaya masa ko ya iya ba.

"Yanzu fa? Ana ji?"

Ana ji. Nishin yana nan a ƙarshen kowane numfashi, ya ma ƙara fitowa saboda matsewar.

Na ce, "Ba a ji. Ko kaɗan."

Ya dubi hannuwana, ya dubi idona. Sai ya gyaɗa kai, ya ɗauki dutsen gugar, ya juya mini baya. Na fita. Ƙofar shagon a buɗe take, kuma har na kai inda na ajiye mota ina jin sa.